Tsugune Ba Ta Ƙare Ba: Sojojin Indiya Bayan Yaƙin Duniya Na Biyu

Ƙannenmu 'yan sakandare, idan malamin tarihi ya tsaya gaban allo ya tambaya yaushe aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, mun san kafin ya rufe baki hannuwa sun tashi sama: 1945. Mai ƙwazo a cikinku zai ƙara da cewa Jamus ta miƙa wuya a watan Mayu, aka jefa wa Hiroshima da Nagasaki bam ɗin nukiliya a ranakun 6 da 9 ga Agusta, sannan ranar 2 ga Satumba wakilan Japan suka sa hannu a takardar saranda a kan jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Missouri. Amsar ta yi daidai, kuma ita za ku rubuta a jarrabawa.

Sai dai akwai dubun-dubatar sojoji da wannan sa hannun bai sallame su ba. Akasarinsu 'yan Indiya ne da ke yi wa Birtaniya aiki. Lokacin da ake kiɗa da rawa a titunan Landan, su jiragen ruwa aka loda su, aka nufi ƙasashen da yawancinsu ba su taɓa jin sunansu ba. Da yawa daga cikinsu sun tsallake shekaru na yaƙi da Jamus da Italiya da Japan, amma ajali ya same su bayan an ce an yi sulhu, a hannun mutanen da ba su da wata gaba da su. Labarinsu muke so mu kawo muku a wannan makon.

Gonar da mai ita ba ya nan

Kafin yaƙin, kusan duk Kudu maso Gabashin Asiya a hannun Turawa take. Birtaniya na riƙe da Malaya da Singafo da Bama (ƙasar da yau ake kira Myanmar, ba Bamar Borno ba). Faransa na riƙe da Biyetnam da Laos da Kambodiya. Holan kuma, ƙasa 'yar ƙarama a Turai, ita ke mulkin dubban tsibiran da yau suka zama Indonesiya, inda ta kafa ƙafa tun ƙarni na 17. Cikin 'yan watanni, daga ƙarshen 1941 zuwa farkon 1942, Japan ta share Ingilishi da Turawan Holan daga yankin. Faransawa ta bar su suna mulki a ƙarƙashinta har zuwa Maris 1945, sannan su ma ta kama su ta kulle.

Mulkin Japan bai yi wa talakawan wurin daɗi ba. An yi aikin tilas, an yi yunwa, mutane masu yawan gaske sun mutu. Amma ya bar abu biyu da Turawa ba su sa a lissafi ba. Na farko, mutane sun ga da idonsu Bature yana gudu, sun ga an tsare shi a sansani yana sharar ƙasa. Na biyu, Japan ta koya wa dubban samari, musamman a tsibirin Jawa, faretin soja da riƙe bindiga.

Da Japan ta faɗi kwatsam, sai tambaya ta taso: wa zai je ya karɓi makaman sojojinta da ke barbaje a yankin, su fiye da dubu ɗari bakwai, ya mayar da su gida? Wa zai buɗe sansanonin da aka tsare fursunonin yaƙi da fararen hula, ciki har da mata da yara Turawan Holan dubun-dubata da suka rame suka ƙanjame? Holan ba ta da halin yi, don ita kanta sai a watan Mayun 1945 aka gama kuɓutar da ita daga Jamus, ba sojoji isassu, ba jiragen ruwa. Faransa ma tana farfaɗowa ne. Amurka hankalinta na kan Japan kanta. Don haka aka jibga aikin a kan rundunar ƙawance ta Kudu maso Gabashin Asiya, wadda Lord Louis Mountbatten na Birtaniya ke shugabanta. A tsakiyar Agusta aka faɗaɗa masa yanki ya haɗa da Jawa da kudancin Biyetnam.

Akwai wani jinkiri da ya canza komai. Janar MacArthur na Amurka ya ba da umarnin kada kowa ya sauka a ƙasashen da Japan ta mamaye sai an sa hannu a Tokyo. Kafin sojojin Mountbatten su motsa, makonni sun wuce. A cikin waɗannan makonni, ranar 17 ga Agusta, Sukarno da Mohammad Hatta suka yi shelar 'yancin Indonesiya a Jakarta. Ranar 2 ga Satumba, ranar da Japan ke sa hannu, Ho Chi Minh ya yi shelar 'yancin Biyetnam a Hanoi. Waɗanda aka aiko su riƙe wa Turawa gona kafin su dawo, sai suka tarar manoman sun ce gonar tasu ce.

Me ya sa 'yan Indiya?

Saboda su ne a hannu. A ƙarshen yaƙin, rundunar sojan Indiya ta kai mutum kusan miliyan biyu da rabi, kuma ba a tilasta wa kowa shiga da doka ba, ko da yake talauci ma wani irin tilas ne. Akwai Musulmin Punjab, da Sikh, da Rajput, da Maratha, da Pathan, ga kuma Gurka daga ƙasar Nepal. Manyan hafsoshi galibi Turawa ne.

Sojan Ingila kuwa ya gaji, kuma yana da ƙuri'a. Iyayensa da matarsa na rubuta wa 'yan majalisa wasiƙu a dawo musu da shi. Sabuwar gwamnatin Clement Attlee da ta hau a Yulin 1945 ta samu baitulmali wayam, ga bashin Amurka a wuya. A Janairun 1946 dubban ma'aikatan rundunar sama ta Birtaniya a Indiya da wasu wurare suka yi yajin aiki kan jinkirin sallama. Sojan Indiya ba shi da ɗan majalisa a Landan. Albashinsa bai kai na Bature ba, kuma in ya mutu ba za a yi muhawara a kansa a majalisar Ingila ba. A ganinmu wannan shi ne gundarin dalilin, sauran bayani ne kawai.

An watsa su ko'ina: Malaya, Singafo, Hong Kong, Siyam, Sumatra, Borneo. Runduna ta 4 ta Indiya tana Girka tun ƙarshen 1944, tsakiyar rikicin Girkawa da junansu, sai a 1946 ta baro. A 1946 ɗin ma an tura wasu Basara ta Iraƙi saboda yajin aikin ma'aikatan man fetur a Abadan ta Iran. Amma wurare biyu ne wuta ta kama sosai.

Saigon

A taron Potsdam an ja layi a taswirar Biyetnam, layi na 16 daga cikin layukan da ke kwance waɗanda kuke gani a darasin labarin ƙasa. Arewa sojojin Sin za su kwance wa Japan ɗamara, kudu kuma Birtaniya. Ranar 13 ga Satumba 1945 Manjo Janar Douglas Gracey ya sauka a Saigon, rundunarsa ta 20 ta Indiya na biye da shi kaɗan-kaɗan. Ya tarar 'yan kishin ƙasa na Viet Minh sun zauna a ofisoshin gwamnati. Bai yarda da su a matsayin hukuma ba. Ya kafa dokar soja, ya hana taro da ɗaukar makami, ya rufe jaridu, sannan ya bari aka ba Faransawan da aka saki daga kurkuku bindigogi. Ranar 23 ga Satumba waɗannan Faransawa suka ƙwace ofisoshin, suka shiga dukan mutane a titi. Ramuwar ta zo da muni: a wata unguwa aka kashe Faransawa da 'yan ruwa-biyu fiye da ɗari, har da mata da yara.

Gracey ba shi da isassun mutane, sai ya yi abin da zai ba ku mamaki. Sojojin Japan ɗin da aka aiko shi ya karɓe wa makamai, ya ce su riƙe makamansu, su yi faɗa a ƙarƙashin umarninsa. Haka Ba'indiye da Gurka da Bajapane, waɗanda watanni kaɗan baya suke farautar juna a dazukan Bama, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna harbin 'yan Biyetnam don Faransa ta dawo. A watan Oktoba Janar Leclerc ya iso da sojojin Faransa, a ƙarshen Janairun 1946 Gracey ya miƙa musu ya tafi. Yaƙin da aka kunna a wannan lokaci bai mutu murus ba sai 1975.

Surabaya

A Jawa abin ya fi girma. Sojojin farko sun sauka Jakarta a ƙarshen Satumba, ƙarƙashin Laftanar Janar Philip Christison. Wannan sunan yana da alaƙa da mu. Shi ne ya jagoranci rundunar da ta yi yaƙi a yankin Arakan na Bama, wadda a cikinta akwai runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, wato kakanninmu na Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, waɗanda da yawansu da Hausa ake ba su umarni. Sunayen barikoki irin su Dalet a Kaduna da Chindit a Zariya da Dodan a Legas duk daga wancan yaƙin aka samo su. Su ba a kai su Jawa ba. Sun zauna jiran jirgi a Indiya da Bama, akasarinsu sai 1946 suka ga gida. Abokan yaƙinsu 'yan Indiya ne aka ce su ci gaba.

Christison mutum ne mai lura. Da ya ga yadda tutar ja da fari ta cika gari, ya faɗa wa 'yan jarida cewa bai zo ya tsoma baki a siyasar cikin gida ba, maganar da ta fusata gwamnatin Holan ƙwarai. Amma a bayan sojojinsa jami'an mulkin Holan ne ke shigowa, kuma 'yan Indonesiya ba makafi ba ne.

Surabaya ita ce birni na biyu a girma, tashar jiragen ruwa ce a gabashin Jawa, mutanenta kuma an san su da zafin kai. Tun ranar 19 ga Satumba, da wasu Turawan Holan suka kafa tutarsu mai launin ja da fari da shuɗi a saman otal ɗin Yamato, samari suka hau suka yage shuɗin, suka mayar da sauran sama: ja da fari, tutar Indonesiya. A farkon Oktoba makaman Japan da ke rumbunan birnin suka faɗa hannun matasa, ba bindigogi kaɗai ba, har da igwa da tankokin yaƙi. Ranar 22 ga Oktoba malaman ƙungiyar Nahdlatul Ulama, ƙarƙashin Shaihi Hasyim Asy'ari, suka yi taro a birnin suka fitar da matsayar cewa kare 'yancin ƙasar wajibi ne a kan Musulmi. Almajiran makarantun kwana na addini, waɗanda tsarinsu ya yi kama da tsangayunmu, suka fara kwararowa daga ƙauyuka, wasu ba su da komai sai mashin gora.

Cikin wannan hali, ranar 25 ga Oktoba, birged ta 49 ta Indiya ta sauka, mutum 'yan dubbai, ƙarƙashin Birgediya Mallaby. Da farko an fahimci juna. Mallaby ya zauna da shugabannin gari, aka yarda zai kwashe fursunoni da sojojin Japan, ba zai taɓa makaman 'yan ƙasa ba. Ya rarraba sojojinsa ƙanana-ƙanana a wurare daban-daban na birnin. Sai ranar 27 ga wata wani jirgin sama daga Jakarta ya zo ya zubo takardu, suna cewa kowa ya miƙa makaminsa ko a harbe shi. Hedkwata ce ta aiko, ba tare da ta san abin da Mallaby ya ƙulla ba. Shi kansa daga sama ya ga takardar kamar kowa, amma soja ne, ya ce zai bi umarni. Mutanen gari suka ce an yaudare su.

Washegari birni ya tashi. Dubun-dubatar mutane suka auka wa ƙananan sansanonin nan, aka yanke musu ruwa da wuta, harsashi ya fara ƙare musu. Cikin kwana uku an kashe sojoji fiye da ɗari biyu, wasu ta hanya mai muni. An kuma far wa wani ayarin motoci da ke ɗauke da mata da yara Turawan Holan da aka fito da su daga sansani, aka kashe da dama. Wannan ma yana cikin labarin, kuma duk mai son 'yan gwagwarmayar Indonesiya, kamar yadda muke son su, bai kamata ya tsallake shi ba.

Da Ingilishi suka ga birged ɗin na shirin ƙarewa, sai suka ɗauko Sukarno da Hatta a jirgi daga Jakarta su zo su kwantar da mutanensu. Ku lura da wannan: gwamnatin da aka ƙi amincewa da ita, ita aka roƙa ta kawo ceto. Aka tsagaita wuta, shugabannin suka koma. Da yammacin 30 ga Oktoba Mallaby ya fita zagayen gari da wasu shugabannin Indonesiya don sanar da sulhun. Kusa da wata gada da ake kira Jar Gada, taro ya kewaye motarsa a gaban wani gini da sojojin Indiya ke ciki. Harbi ya tashi, aka kashe Mallaby, motar ta ƙone. Har yau masana tarihi na saɓani kan wanda ya fara harbi da yadda ya mutu.

Birtaniya ba ta tsaya bincike ba. A asirce aka shigo da runduna ta 5 ta Indiya ƙarƙashin Manjo Janar Robert Mansergh, da tankoki da jiragen sama da jiragen ruwan yaƙi. Ranar 9 ga Nuwamba aka ba da wa'adi: shugabanni da matasa su kawo makamansu, su zo hannu a sama, kafin ƙarfe shida na safiyar gobe. Gwamnan Gabashin Jawa, Suryo, ya shiga rediyo da dare ya ce ba za su yi ba. Wani matashi ɗan shekara 25 mai suna Sutomo, wanda aka fi sani da Bung Tomo, ya riƙa zuga mutane ta gidan rediyonsa, yana rufe jawabinsa da kabbara.

Safiyar 10 ga Nuwamba aka buɗe wa birnin wuta ta ƙasa da ta sama da ta ruwa. An zaci aikin 'yan kwanaki ne, sai ya ɗauki mako uku, gida-gida, lungu-lungu. Ƙiyasin 'yan Indonesiya da suka mutu ya kama daga dubu shida zuwa dubu goma sha shida, kuma jama'a masu ɗimbin yawa suka tsere daga garin. Ta fuskar soja, Birtaniya ce ta ci. Amma daga ranar babu wani a Landan da ya sake yarda da zancen Holan cewa jamhuriyar Sukarno 'yan tsirarun barorin Japan ne da za su watse da an daka musu tsawa. Har gobe 10 ga Nuwamba ita ce Ranar Jarumai a Indonesiya.

Faɗa bai tsaya a Surabaya ba. An gwabza a Semarang, inda nan ma aka yi amfani da sojojin Japan, da Ambarawa, da Medan a Sumatra. A watan Disamba sojojin Birtaniya suka ƙone garin Bekasi don ramuwar kisan mutanen wani jirginsu da ya faɗo a kusa. A Maris 1946, da aka ba mayaƙan Bandung wa'adin su fice daga kudancin birnin, sai suka fice amma suka cinna masa wuta da hannunsu.

Wanda ke riƙe da bindigar

Yanzu ku sa kanku a matsayin wani saurayi daga ƙauyen Punjab, Musulmi, wanda ya shiga soja don ya aika wa mahaifiyarsa kuɗi. Ya yi shekara uku ko huɗu bai ga gida ba. An ce masa abokin gabarsa Japan ce, ga shi yanzu Bajapane na gadi tare da shi. Wanda ke rugowa ya kashe shi kuwa kabbara yake yi, irin wadda shi ma yake yi in ya tsaya salla. A bangon gari an rubuta kalaman 'yanci da Turanci don shi da hafsoshinsa su karanta, kuma 'yan kishin ƙasa na aiko da saƙo cewa me ya kawo wanda ake mulka ya yaƙi wanda ake mulka. Ɗaruruwan sojojin Indiya, akasarinsu Musulmi, sun gudu daga rundunarsu, da yawa suka koma ɓangaren Indonesiya da bindigoginsu.

Mafi yawa ba su gudu ba. Sun bi umarni, sun yi faɗa, kuma kada mu manta su ne suka fito da dubun-dubatar mata da yara da tsofaffi daga sansanoni a lokacin da rayuwar duk mai farar fata ko ɗan ruwa-biyu ke cikin haɗari a Jawa. Ba ma jin adalci ne a kira su azzalumai a wuce, kamar yadda ba adalci ba ne a kira su masu ceto a wuce. Abin da ya tabbata shi ne, a cikin wata goma sha huɗu da suka yi a Indonesiya, sojojin Birtaniya da Indiya fiye da ɗari shida aka kashe, akasarinsu 'yan Indiya, a kan mulkin mallakar da ba na Indiya ba, ba ma na Ingila ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A gida Indiya kuwa tukunya na tafasa. Jawaharlal Nehru da sauran jagororin neman 'yanci suka yi ta suka a fili, suna cewa abin kunya ne a yi amfani da 'ya'yan Indiya a danne maƙwabta. Wakilin Sarkin Ingila a Indiya, Lord Wavell, shi kansa ya gargaɗi Landan cewa wannan aiki na iya lalata biyayyar rundunar. A Ostireliya ma'aikatan tashar jiragen ruwa suka ƙi yi wa jiragen Holan lodi, matuƙan jirgi 'yan Indiya suka mara musu baya.

Lokacin ma bai yi wa Birtaniya daɗi ba. A cikin Nuwamban da ake ruwan wuta a Surabaya, a Jan Ganuwa ta Delhi ana shari'ar hafsoshi uku da suka bi Subhas Chandra Bose suka yaƙi Birtaniya tare da Japan: Shah Nawaz Khan Musulmi, Prem Sahgal ɗan Hindu, da Gurbaksh Singh Dhillon ɗan Sikh. Gwamnati ta so ta nuna su a matsayin maciya amana, jama'a suka mayar da su gwaraza, har dole aka sake su. Sannan ranar 18 ga Fabrairun 1946 sojojin ruwan Indiya suka yi bore a Bombay, ya bazu zuwa jirage da sansanoni da dama. Abinci marar kyau da wulaƙancin hafsoshi ne suka tayar da shi, amma a cikin buƙatun da suka rubuta akwai a janye sojojin Indiya daga Indonesiya.

A nan ne muke ganin muhimmancin labarin ga mai nazarin tarihi. Fiye da shekara ɗari, sojan Indiya shi ne sandar da Birtaniya ke kora da ita daga Sin har Gabashin Afirka. A 1945 da 1946 ta ɗaga sandar nan ta ji tana motsi a hannunta. Ba Surabaya kaɗai ce ta sa Ingilishi suka bar Indiya ba, dalilai suna da yawa, amma tana cikin abubuwan da suka nuna musu cewa kwanakin dogaro da wannan runduna sun ƙare.

Wani abu mai daɗin ji a tsakiyar wannan duka: a 1946, da Indiya ke fuskantar ƙarancin abinci, Firaministan Indonesiya Sutan Sjahrir ya yi mata tayin shinkafa tan dubu ɗari biyar, alhali sojojin Indiya na cikin ƙasarsa da bindiga. Siyasa ce, don yana so duniya ta ga jamhuriyarsa gwamnati ce da za a iya ciniki da ita, amma ya nuna ya bambanta mutanen Indiya da waɗanda suka aiko sojojinsu.

Komawa gida

A Satumban 1946 aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya a Indiya, Nehru na jagorantarta, kuma dawo da sojoji daga ƙetare na cikin abin da ta matsa a kai. Birtaniya ma ta ƙosa ta fita. Wakilinta Lord Killearn ya zaunar da Holan da Indonesiya, aka cimma yarjejeniyar Linggarjati a tsakiyar Nuwamba, a ƙarshen watan sojojin Birtaniya da Indiya na ƙarshe suka bar ƙasar. Kafin su tafi, Holan ta riga ta shigo da sojojinta dubun-dubata cikin garuruwan da aka riƙe mata. Yarjejeniyar ba ta yi ƙarko ba. Aka sake komawa fagen daga, sai ranar 27 ga Disamba 1949 Holan ta miƙa mulki. A wannan zagayen Indiya tana gefen Indonesiya: ita da Ostireliya suka kai ƙarar Holan Majalisar Ɗinkin Duniya a 1947, kuma Nehru ya tara ƙasashe a Delhi a Janairun 1949 kan batun.

Akwai wasu sojojin Indiya da nasu aikin ya zo da sauƙi. Su aka kai Japan kanta a 1946, cikin rundunar mamaya ta ƙasashen renon Ingila mai hedkwata a Kure, kusa da Hiroshima, tare da sojojin Birtaniya da Ostireliya da New Zealand. Aikinsu gadi ne da lalata makaman da Japan ta tara, ba wanda ya harbe su. Birged ɗinsu ta 268 ta kasance a wani lokaci ƙarƙashin Birgediya K. S. Thimayya, Ba'indiye, abin da ba a saba gani ba a zamanin, kuma daga baya ya zama babban hafsan sojan ƙasarsa. Suna can aka raba Indiya a tsakiyar Agustan 1947, aka raba rundunar soja ita ma tsakanin Indiya da Pakistan. Na ƙarshensu sun baro Japan a watan Oktoba, wata biyu bayan rabuwar, wasu suka zama sojojin wannan ƙasa, wasu na waccan, a daidai lokacin da ƙasashen biyu suka fara faɗa a kan Kashmir.